Fodkas daga Garwa: kafin ka kai littafin tarihin unguwarku maɗaba'a

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Garwa, bakin Binuwai. Ina tare da Malam da Alaramma. Malaman makaranta sun dame mu da tambaya guda: mutum na son haɗa wa ɗalibai ɗan littafi da Hausa, na tarihin unguwa ko na itatuwan da ke kewaye da gari. Malam, ta ina zai fara?

Malam: Ya fara da karatu, Hajiya, kafin ya ɗauki waya ya nufi zauren tsofaffi. A arewacin Kamaru ba a tsallake masanin tarihi marigayi Eldridge Mohammadou, wanda ya rasu a 2004. Ya bi fadojin Garwa da Marwa da Rai Buba da Tibati yana ɗaukar labari daga bakin masu shi. Sai dai a tuna, yawancin abin da ya tara maganar fada ce. Ƙabilun Fali da Bata da suka riga zama a nan, da fataken Hausawa da suka kafa unguwanni, za ka gan su ne ta idon fadawa. Wannan giɓin ne littafinka zai cike. A kan kowane labari ka rubuta wanda ya faɗa, da ranar, da wurin, da kuma daga bakin wa shi ya ji.

Alaramma: Allah ya gafarta Malam, ka bar babban ramin da ake faɗawa: shekaru.

Malam: Bismillah, Alaramma, fagenka ne.

Alaramma: Takardun da ke cikin gafakar malamai da lissafin Hijira aka rubuta su. Sai yaro ya ga 1224, ya ƙara 622, ya rubuta 1846. Ya yi kuskuren shekara 37 ke nan. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka kowace shekara 33 ta Hijira daidai take da 32 ta Miladiyya. Abin da ake yi, a ninka shekarar Hijira da 0.97, sannan a ƙara 622. A gwada da 1224, za a samu 1809, shekarar da galibin littattafai ke cewa Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu.

Hajiya: In kuma babu lamba sam a takardar fa?

Alaramma: Ranki ya daɗe, tana nan, ta ɓuya ne cikin ramzi. A ƙarshen waƙa ko littafi, marubuci yakan saka wata kalma marar ma'ana wadda kowane harafinta ke da adadi. A ce ka ga shin da ra da kaf da dal. A hisabinmu na Magarib shin 1000 ne, ra 200, kaf 20, dal 4, jimilla 1224. Amma littattafan Larabci da ake bugawa a Masar ko Labanan lissafin Gabas suke bi, inda shin ke 300. Wanda ya ɗauko jadawalin can zai samu 524, ya mayar da malamin Adamawa shekara 700 baya. Haruffa shida ne suka saɓa tsakanin lissafin biyu: sin, shin, sad, dad, za mai sanda, da gain.

Malam: Jerin sarauta ma haka yake. In aka ce wane ya yi shekara kaza, wane kaza, kada ka ƙirga daga farko. Kama wata rana tabbatacciya ka koma baya: kashe Rabe a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, ko ƙwace Garwa daga hannun Jamus a Yunin 1915. Ka rage shekara 3 a kowane ƙarni saboda lissafin wata. In kuwa tsoho ya ce maka "arba'in", sau da yawa nufinsa an daɗe, ba ƙidaya ya yi ba. Rubuta "wajen", kada ka ƙulla masa lamba.

Alaramma: To Hajiya, an tara labari. Da wane rubutu za a zuba shi? Yaranmu Faransanci suka yi.

Hajiya: Shi ya sa hannu ke zamewa. Sai ka ga "ou" a gurbin u, "tch" a gurbin c, "dj" a gurbin j, "ch" a gurbin sh. Wanda kuma ya koyi rubutun Fulatanci bisa haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru da aka tsayar a 1979, yakan ninka wasali mai tsawo. Daidai ne a Fulatanci, amma Hausar littafi ba ta nuna tsawon wasali. Haruffa masu lanƙwasa kuwa ba ado ba ne: cire lanƙwasar ƙafa, ta koma kafa. Akwai wuri ɗaya da zaɓi ke hannunka. Najeriya na rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, Nijar na amfani da ƴ. Mu da ke tsakani, littattafan ɓangarorin biyu na iso mana, sai mutum ya cakuɗa. Ɗauki ɗaya ka riƙe shi har bangon baya.

Malam: Ƙamus fa? Wasu na rantsuwa da Bargery.

Hajiya: Bargery na 1934 ba shi da na biyu wajen tsofaffin kalmomi da na karkara, amma don ma'ana za a buɗe shi, ba don ƙa'idar rubutu ba, domin salonsa ya tsufa. Don rubutu, ƙamusun Hausa zalla da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 ya fi. Wanda Faransanci ya fi zauna masa, akwai na Caron da Amfani na 1997. Kalmar da mutanen Garwa ke faɗa amma babu ta a ƙamus, kada a goge ta don a yi kama da Kano. A bar ta, a yi mata bayani a ƙasan shafi.

Alaramma: Masu littafin itatuwa kuma suna jira.

Hajiya: Su matsalarsu ita ce, suna ɗaya kan hau tsiro biyu a garuruwa biyu. Dole kowane tsiro ya zo da sunan kimiyya kusa da na Hausa da na Fulatanci. Ƙamusun noma da tsirrai na Fulatancin Diamare, wato yankin Marwa, wanda Tourneux da Yaya Daïrou suka fitar a 1998, zai taimaka ƙwarai. A kula da tsofaffin littattafai irin na Dalziel na 1937: gawo, wato caski da Fulatanci, a can Acacia albida ne, yau kuwa Faidherbia albida ake rubutawa. Itace ɗaya ne, kada a ba shi shafi biyu. In ana shakka, a yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin jaridu, a danne da abu mai nauyi. A canza jaridar kullum har ya bushe, in ba haka ba da damina funfuna za ta cinye shi. A rubuta wuri da rana, a kai wa masana a makarantar kula da namun daji da ke nan Garwa, suna da taskar busassun tsirrai.

Malam: Saura bugu, shi kam gajere ne. Littafin da ake naɗe takarda biyu a ɗinke ta tsakiya, kowace takarda shafi 4 take bayarwa, don haka shafuka su zama 32 ko 36 ko 40. A yi amfani da nau'in haruffa irin Charis SIL ko Andika, kyauta ne kuma suna da ɓ da ɗ da ƙ. A kai aikin a PDF, domin in ba PDF ba ne, aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, sai su koma 'yan akwatuna. Kuma a sa a buga kwafi ɗaya tak tukuna, a ba wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta da babbar murya, kai kana bi da jan biro.

Hajiya: Mako mai zuwa Alaramma zai kawo jadawalin hisabin gaba ɗaya, harafi bayan harafi. A tanadi takarda. Mu kwana nan.