Marubuci ɗaya, masu karatu kashi uku

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. A ce ga marubuci ɗaya ya rubuta littattafai iri uku: na almara mai cike da sihiri da dodanni, na yaƙi da rayuwar soja, sai kuma na soyayya. In ka leƙa sharhin masu karatu a dandali irin Goodreads, wanda aka buɗe a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saya a 2013, sai ka rantse mutum uku ake magana a kansu. Wannan ya ba da taurari biyar, ya ce bai runtsa ba sai da ya kai shafin ƙarshe. Wancan ya ba da tauraro ɗaya, ya ce an ci amanarsa. Wani lokacin ma littafi ɗaya suke nufi.

Dalili shi ne kowane nau'in labari alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu, tun kafin a buɗe shafin farko. Taurarin nan da kuke gani, galibi hukunci ne a kan ko an cika alkawarin.

Mu fara da soyayya, don a nan alkawarin ya fi tsauri. Ƙungiyar marubuta soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta gindaya sharuɗɗa biyu: soyayyar ta zama ita ce ƙashin bayan labarin, kuma ƙarshen ya faranta rai. Mai karatu ya yarda a wahalar da masoyan nan, a raba su, a sa musu kishi da rashin fahimta har shafi ɗari uku, muddin dai za su haɗu. Ka kashe saurayin a babin ƙarshe, komai daɗin Hausarka ko Turancinka, ka shiga uku. Wasu na yi wa wannan ɗabi'a kallon raini, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Mutum ya san abin da ya zo nema, an kuma rubuta masa a bangon littafi cewa zai samu.

To ga inda rigimar take. A labarin yaƙi, mutuwar nan da ta zama cin amana a soyayya, ita ce shaidar gaskiya. Runduna ta shiga fagen daga ta fito ba wanda ya yi ko ƙwarzane? Mai karatu zai ce marubucin bai san yaƙi ba. Cikin masu karanta irin waɗannan littattafai akwai tsofaffin sojoji da iyalansu, kuma idonsu na kan ƙananan abubuwa: wa ke sara wa wa, yadda ƙaramin soja ke yi wa hafsa magana, harsashi nawa bindiga kaza ke ɗauka, yadda jira da gajiya suka fi harbi yawa. Kuskure ɗaya a muƙami ya isa su ajiye littafin. Ba banza ba littafin Tom Clancy na farko, wanda ya fito a 1984 a kan jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, ya fito daga maɗaba'ar da ta saba buga littattafan sojan ruwa na Amurka. Masu karatunsa sun yarda da shi ne saboda ya san kayan aikin.

Masu almara kuma nasu daban ne. Za su yarda da dodo mai aman wuta ba tare da musu ba, za su haddace taswirar ƙasar da babu ita, da sunayen sarakunanta. Amma in ka ce a babi na uku sihiri na cin ƙarfin mai yinsa, sannan a babi na talatin jarumi ya yi ta zuba shi ko gumi bai yi ba, sun kama ka.

Marubuta sun daɗe da gane cewa sunansu ma alkawari ne. Shi ya sa Agatha Christie, wadda duniya ta sani da labaran binciken kisa, ta fitar da littattafai shida na rayuwa da ƙauna da sunan aro, Mary Westmacott, tun daga 1930, kuma sai a 1949 asirin ya tonu. Nora Roberts, gwanar soyayya, ta koma J.D. Robb a 1995 da ta fara labaran 'yan sanda na zamani mai zuwa. Marigayi Iain Banks na Sikotilan bai ma wahalar da kansa ba: harafin M kawai yake ƙarawa a tsakiyar sunansa in labarin na sararin samaniya ne, kowa ya san wanda zai ɗauka.

Yanzu fa in aka zuba ukun a littafi ɗaya? Rebecca Yarros ta yi shekaru tana rubuta soyayya, har da mai sojoji a ciki, sai a 2023 ta fitar da labarin makarantar horon yaƙi inda ɗalibai ke hawan dodanni, ga kuma soyayya a tsakiya. Littafin ya yi kasuwa sosai, ya kuma tara jama'a uku a ƙofa ɗaya. Mai neman soyayya na ƙirga shafukan da suka rage kafin masoyan su haɗu. Mai son almara na tambayar yadda mulkin ƙasar yake tafiya. Mai ido a kan soja na cewa, wace runduna ce za ta bar ɗalibanta suna mutuwa haka tun a horo?

Saboda haka in za ku zaɓi littafin marubuci irin wannan, ku tsallake jimillar taurarin, ku gangara wurin masu tauraro ɗaya da biyu, ku karanta ƙorafinsu. Wanda ya rubuta cewa soyayya ta cinye rabin littafin, in soyayyar kuka zo nema, ya gama yi muku talla.