Abin da ya hana ni aika wa Gwaggo maganin maƙoƙona zuwa Gombe

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Gombe da sauran masu kallo. Ina yi muku magana ne daga birnin Manchesta na ƙasar Ingila, kuma wannan kwalin da ke hannuna na kabimazol ne, maganin da nake sha fiye da shekara guda saboda ƙwayar tayiroid da ke wuyana tana aiki fiye da kima.

A makon jiya Gwaggona ta kira ni daga Jekadafari, ta ce, "'Yata, likita ya ce ciwonmu iri ɗaya ne, ki aiko mini da irin naki, ki faɗa mini nawa kike sha." Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba rowa nake yi miki ba, amma adadin da nake sha yau ba zai yi miki aiki ba, wanda na fara da shi kuma yana iya cutar da ke." Dalilin wannan amsa nake so in bayyana muku.

Lokacin da aka gano ciwon, zuciyata tana bugawa kamar na yi gudu, hannuna yana rawa har shayi yana zuba daga kofi, ina zufa a cikin sanyin Disamba, ina ci sosai amma ina ramewa. Likita ya fara ni da miligiram 30 a rana. A ƙa'idar da ake bi a nan, babban mutum yakan fara tsakanin miligiram 15 zuwa 40, gwargwadon yadda sinadaran T4 da T3, waɗanda ƙwayar tayiroid ke samarwa, suka hau a jininsa. Maganin ba ya kawar da sinadarin da ƙwayar ta riga ta tara, sabon da za ta ƙera kawai yake hanawa, shi ya sa sai an yi makonni kafin mutum ya ji sauƙi. A wannan tsakanin aka haɗa mini da furofuranolol domin ya lafar da bugun zuciya da rawar hannu, kodayake ba a ba mai asma shi.

Bayan makonni shida aka sake ɗibar jinina, aka rage mini zuwa 20, daga baya 10, yanzu kuwa ga ƙaramar ƙwaya ta miligiram 5, ita kaɗai nake sha da safe. Wannan ragewar ita ce zuciyar maganin, domin wanda ya dawwama a kan babban adadi zai tsallaka ɗaya ɓangaren, aikin ƙwayar tayiroid ya yi sanyi, ya koma jin kasala da sanyi da ƙiba, har maƙoƙon ya ƙara girma. Likitana ya kuma nuna mini cewa gwajin TSH, wato sinadarin da ke umartar tayiroid ta yi aiki, yakan daɗe yana ƙasa ko bayan T4 ya daidaita, don haka ba a dogara da shi kaɗai a watannin farko. Yawanci ana shan maganin tsawon wata 12 zuwa 18 kafin a gwada dainawa, kuma ciwon yakan dawo wa kusan rabin masu shi.

Abin da ya fi damuna game da gida shi ne zazzaɓi. A wasu mutane ƙalilan kabimazol yana karya fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, alamarsa kuma ita ce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da gyambon baki. Mu kuwa mun saba, da zarar jiki ya yi zafi sai mu ce maleriya ce, a aiki yaro kemis. Don Allah mai shan wannan magani idan ya ga haka ya dakatar da shi, ya je a auna jininsa a ranar. Matar da ke da juna biyu ko take neman haihuwa ita ma ta sanar da likita da wuri, domin a watanni uku na farko akan sauya mata zuwa wani maganin tayiroid da ake kira PTU.

Da na gama yi wa Gwaggo bayani ta yi shiru, sannan ta ce, "To 'yata, Allah Ya yi miki albarka." Na tura kuɗin gwajin jini, Yayana kuma zai kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ranar Litinin, da katinta da sakamakon gwajin farko a hannu.