Kuɗin rashin aiki a New York: jawabi a taron 'yan uwa na Bronx

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin juna. Waɗanda suka taso daga aikin dare ko runtsawa ba su yi ba suka zo suka zauna, Allah ya saka da alheri. Kwamitin walwala ne ya ɗora mini in yi magana a kan kuɗin da jihar New York ke biyan wanda aikinsa ya tsaya, na kuma karɓa da sauri, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kowa a ɗakin nan ya san irin mutumin da zan kwatanta. Ya yi shekaru yana gadi a Manhattan, kamfani ya rasa kwangila, aka sallame shi. Ya koma ɗaki ya ja ƙofa. Yana cin 'yar ajiyarsa, yana ranto kuɗin haya, kuma duk ƙarshen wata sai ya tura na cefane Kano ko Maraɗi ko Kumasi don kada mutanen gida su gane. Ka ce masa, Alhaji ka nemi kuɗin rashin aiki mana, sai ya haɗe rai ya ce shi ba bara ta kawo shi Amurka ba.

Alhaji, ba bara ba ce. Tun 1935, zamanin shugaba Roosevelt, dokar ƙasar nan ta kafa wannan tsari, kowace jiha kuma tana tafiyar da nata. Duk kamfanin da ya ɗauke ka aiki yana biyan haraji a kan albashinka, ana tarawa a asusu guda. A New York ko sisi ba a yanka daga aljihun ma'aikaci, mai aikin ne ke zubawa. Kamar adashi ne da aka yi ta zubi da sunanka kana tsaye cikin sanyi a bakin ƙofa, ranar kwasa ta zo ka ce kunya kake ji.

Ana biya har mako 26. Galibi ana duba watanni ukun da ka fi samun kuɗi a 'yan kwanakin baya, a raba da 26. Wanda ya samu dala 13,000 a watanni ukun nan, dala 500 ke nan duk mako. Akwai iyakar da ba a wucewa: daga 2019 dala 504 ce, a watan Oktoba na 2025 aka ɗaga ta zuwa 869. Masu tuna dala 600 ɗin ƙari na lokacin korona su cire rai, wancan ya wuce da zamaninsa.

Na san tambayar da ke cikin zukatan wasu, maganar takardu. Sai kana da izinin aiki lokacin da ka yi aikin, kana kuma da shi lokacin da kake nema. Amma masu katin zama ko izinin aiki da ke tsoron kada a rubuta su cikin masu dogaro da gwamnati, hukumar shige da fice ta sha bayyana cewa wannan kuɗi ba ya cikin wancan lissafi, domin gumin mutum ne. Dokokin shige da fice suna sauyawa, don haka mai shari'a a gaba ya tambayi lauyansa, kada ya tsaya ga hirar bakin masallaci.

Direbobinmu ma kada su ce ba su ciki. A 2020 kotun ƙolin jihar nan ta yanke cewa mai kai saƙo na kamfanin Postmates ma'aikaci ne a wajen wannan doka, a shekarar kuma ƙungiyar direbobin tasi ta New York ta kai jihar kotun tarayya a kan jinkirin biyan direbobin Uber da Lyft, ta yi nasara. Wanda ake biya hannu da hannu ba takarda, nasa ya fi wuya, amma ba a hana shi nema ba. Ya adana saƙonnin waya da duk abin da zai nuna ya yi aikin.

To, inda muke faɗuwa shi ne lokaci. Mu mutane ne masu "sai an kwana biyu", ita kuwa Ma'aikatar Ƙwadago da kwanan wata take aiki. Makon da aiki ya tsaya, a makon za ka shigar da buƙata, ta intanet ko ta waya. Makon farko ba a biyan sa, na jira ne, kuma ba ya fara ƙirguwa sai ka shigar. Za a tambaye ka dalilin rabuwa da aiki. Faɗi abin da ya faru yadda ya faru. In rage ma'aikata aka yi, ka ce rage ma'aikata aka yi. Kada don kare mutunci ka ce kai ka ajiye, domin wanda ya ajiye aiki ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba ba a biyan sa, kuma za su tuntuɓi kamfanin su ji nasa bakin.

Bayan nan duk mako sai ka koma ka tabbatar cewa har yanzu ba ka da aiki, kana da lafiyar yi, kana kuma nema. Makonsu daga Litinin yake zuwa Lahadi. Ni shawarata, kowa ya mayar da shi aikin ranar Lahadi bayan la'asar. Ana so ka yi abu uku na neman aiki a kowane mako, a ranaku daban-daban, ka rubuta: wane kamfani, wace rana, da wa ka yi magana. Sayi ɗan littafi na dala biyu ka ajiye don wannan kaɗai. Ana iya shafe watanni ba a tambaya ba, rana ɗaya wasiƙa ta zo a ce kawo.

Iyayenmu mata masu aikin kula da tsofaffi a gida, wannan naku ne. Tsohuwar da kike kula da ita an kwantar da ita asibiti, awowinki sun faɗo daga arba'in zuwa goma sha biyu. Kina iya nema. Tun 2021 da awa ake lissafi: awa 10 ko ƙasa da haka ba a rage komai, 11 zuwa 16 a cire kashi ɗaya cikin huɗu, 17 zuwa 21 a cire rabi, 22 zuwa 30 a bar miki kashi ɗaya cikin huɗu, muddin abin da kika samu a makon bai haura iyakar nan ta sama ba. Sharaɗin kawai ki faɗi awowin da gaskiya, ko da ba a riga an biya ki ba. Kamfani yana kai rahoton albashi, kwamfuta tana haɗa lissafi, ko bayan shekara ne sai ta gano.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni tsoro, ina roƙon a saurara. Aiki ya tsaya, mutum ya ga ga dama ta samu, bari ya je gida ya ga tsohuwa, ko ya yi umara, ko ya halarci auren ƙanwa. Babu laifi. Laifin shi ne ya zauna a Zinder ko unguwar Nima ta Accra ya ɗauko waya ran Lahadi ya danna cewa yana nan a shirye ya kama aiki. Ko ya bar wa abokin ɗakinsa lambar sirri ya ce ka riƙa danna mini. A wajenmu wannan zumunci ne. A wajen hukuma zamba ce, kuma mutum biyu ta kama. Suna ganin daga inda aka shiga shafinsu. Za a ce ka dawo da kuɗin, a ɗora tarar kashi 15 cikin ɗari, a kuma hana ka wasu makonnin a gaba, ranar da za ka fi bukata. Wanda ke shirin neman zama ɗan ƙasa kuwa, me ya kai shi jawo wa kansa irin wannan tabo? Hanyar mai sauƙi ce: ka sanar da su za ka yi tafiya, ka daina tabbatarwa, in ka dawo ka ci gaba. Mako 26 ɗin nan a cikin shekara guda ake cin su, tafiyar wata ɗaya ba ta cinye maka su.

Idan kuma wasiƙa ta zo an ce an hana ka, kada ka ninke ta ka ce haka Allah ya ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma a jikin wasiƙar akwai kwanan wata, daga ranar kana da kwana 30 ka nemi a saurare ka gaban alƙali. Ba kotun ɗaurin mutane ba ce, kuma ba a biyan ko kwabo. Alƙalin zai ji naka, ya ji na kamfani. In hukuncinsa bai yi maka ba, akwai kwana 20 na ɗaukaka ƙara. Duk tsawon wannan jira ka ci gaba da tabbatarwar mako-mako, don in ka yi nasara makonnin da ka tabbatar kaɗai za a biya ka. Ƙungiyoyin lauyoyi na Legal Aid Society da Legal Services NYC suna taimakawa kyauta, a cikin ma'aikatar kanta ma akwai ofishin da aka ware don taimakon masu nema.

Ka nemi tafinta. Haƙƙinka ne kuma kyauta ne, ka ce Hausa kake so. 'Yan uwanmu na Nijar, Faransanci na cikin harsuna 12 da jihar ke fassara manyan takardunta a ciki, haka ma Larabci. Don Allah a daina sa yaro ɗan makarantar firamare ya yi wa ubansa tafinta a maganar da kuskuren kalma ɗaya zai iya jawo bashin dubban daloli. Layin wayarsu kan cika, gaskiya ne, a yi haƙuri a kira da sassafe, kuma duk wanda ka yi magana da shi rubuta rana da abin da ya ce.

Saura haraji. Wannan kuɗi ana biyan haraji a kansa. Farkon shekara za a fitar maka da takarda mai lamba 1099-G. Gara tun farko ka zaɓi a riƙa cire kashi 10 na tarayya, da a zo watan Afrilu ka ji kamar an yi maka fashi.

Mutanenmu na New Jersey da Pennsylvania da suka zo yau, alƙaluman da na faɗa na New York ne, naku daban, kuma jihar da mutum ya yi aiki a cikinta a can yake nema, ba a wadda yake kwana ba.

Bayan an yi addu'a, mu 'yan kwamitin walwala za mu zauna a teburin baya da kwamfuta. Mai wasiƙar da bai gane ba ya kawo a karanta tare. Wanda ba ya so a gan shi a teburin ya ja ɗayanmu gefe a waje, maganar ba za ta wuce mu biyu ba. Mata kuma akwai 'yan uwa mata da za su zauna da ku.

Allah ya buɗa wa wanda ke nema, ya sa albarka ga wanda ke yi. Shugaba, na gode da lokacin da aka ba ni. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.