Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukar Ƙananan Yara a Keke Cikin Gari

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako kusan duk daga iyaye ne masu kai yara makaranta ko unguwa a keke. Ina tare da Injiniya, mai haɗa kekuna da gyaransu, da Likita daga sashen yara. Saƙo da yawa, lokaci kaɗan, sai mu shiga kai tsaye. Wata baiwar Allah ta ce jaririnta wata 6, ya fara zama, ko za ta iya sa shi a kujerar keke? Likita, bismillah.

Likita: A'a, ta dakata tukuna. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ɗauki yaro a keke sai ya cika shekara 1. Matsalar wuya ce. Kan jariri ya yi wa jikinsa nauyi, ga hular kwano a kai, ga girgizar hanya. Zama a ƙasa daban, zama a kan abin da ke faɗawa rami daban. Kujerun ma daga kilo 9 ake ƙera su.

Mai gabatarwa: Wata kuma ta ce in ta goya shi a baya fa?

Likita: Shi ma a'a. In keken ya kife, nauyin uwar ne zai danne shi.

Mai gabatarwa: Kun dai ji. To ga tambayar da ta fi yawa a saƙonninmu, a nan za mu ɗan jima. Wani bawan Allah ya ce yana ɗaura matashin kai a kan kariyar keke, ɗansa mai shekara 3 ya zauna ya riƙe masa riga, makarantar ba nisa, ko dole ne sai ya nemi kujera? Haba baban yaro! Kai kana da sirdi da feda da abin riƙewa, shi kuma ka bar shi da bakin riga. Injiniya, ka yi masa bayani.

Injiniya: Malam, kowa faɗuwar yaron yake ji wa tsoro, ni kuwa ƙafarsa nake fara kallo. Yaro a kan kariya ƙafafunsa lilo suke yi dab da wayoyin ƙafar keke. Da ya gaji, ko ya juya ya kalli wani abu, ko an shiga rami, diddige sai ya shige tsakanin wayoyin. Tayar na juyawa, sai ta ja ƙafar ta matse ta a jikin ƙarfen firam. Ba sai ana gudu ba. A tafiyar da ba ta fi ta mai sassarfa ba ma yana faruwa, don nauyin mutum biyu ne ke tura tayar. Kusancin makaranta ba ya hana wannan, a ƙofar gida ma sai ya auku.

Likita: Kuma ciwo ne mai ruɗin iyaye. Ranar farko sai ka ga ɗan ƙujewa a idon sawu da kumburi, ka ce da sauƙi. Bayan 'yan kwanaki fatar wurin ta yi baƙi ta mutu, saboda matsewar ta lalata jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashi. Wani lokaci akwai tsagewar ƙashi a ciki. In ya faru, kada a fizgi ƙafar. A juya tayar ta koma da baya a hankali, in ta ƙi fita a yanke wayoyin da filaya. A wanke da ruwa mai tsabta, a rufe, a je asibiti a ranar a ɗauki hoto, ko da yaron ya yi shiru.

Injiniya: Saboda haka kujera ta gaskiya abu uku take da shi: majinginar baya mai tsawo da ta kai kai, bel mai bi ta kafaɗu ya haɗe tsakanin cinyoyi, da matakin ƙafa mai bango ta gefen taya, da maɗaurinsa. Maɗaurin nan kullum ake ɗaure shi, ba sai za a yi nisa ba. A Jamus ma doka ce: yaron da bai cika shekara 7 ba sai a kujerarsa ta musamman, da abin da ke kare ƙafa daga wayoyin, kuma mai tuƙin ya kai shekara 16.

In za ka saya, ka juya kujerar ka nemi lambar EN 14344, ma'aunin Turai ne. A wannan ma'auni kujeru aji-aji ne: A15 ta baya ce, kilo 9 zuwa 15. A22 ta baya ce, har kilo 22. C15 ta gaba ce, tsakanin kan keke da mai tuƙi, iyakarta kilo 15. Ta gaba tana da daɗi, yaro na gani, kana jin maganarsa, amma gwiwarka na iya dukanta, kuma wajen shekara 3 yawanci ya fi ƙarfinta.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Su sayi kujera mai kyau su ɗora a kan ruɓaɓɓiyar kariya. Kariya tana da nauyin da aka buga a jikinta, da yawa kilo 25 ne. Yi lissafi: yaro kilo 22, kujerar kanta kilo 4 ko 5, an wuce iyaka ke nan. Kariyar da ba rubutu a jikinta, ko wadda aka maƙala a sandar sirdi kawai, ta jaka ce, ba ta mutum ba. Akwai kujerar da ba ruwanta da kariya, ana ɗaure ta a bututun firam da ke ƙasan sirdi. Yawancinsu suna son bututu kewayayye mai kaurin milimita 28 zuwa 40, sai a auna kafin a saya. Sannan a gefen kujerar akwai wata 'yar alama ta tsakiyar nauyi. Kada ta wuce santimita 10 a bayan tsakiyar tayar baya. In ta wuce, a hawan tudu tayar gaba za ta riƙa ɗagawa. Har wa yau, sirdi mai sifirin a ƙasa a rufe shi da roba ko fata, domin daidai nan yatsun yaro suke zuwa, kai kuma ka hau tudun rage gudu sifirin ya matse. Notuna kuma a sake ɗaure su bayan makon farko, sukan saki...

Mai gabatarwa: Injiniya, tsaya haka nan, kada ka kwance mana keken gaba ɗaya. Bari in maimaita don wanda ya kunna rediyo yanzu. Yaro ba ya hawa kariyar da ba kujera, ko da an sa matashin kai. Kujera mai bel, ƙafa a ɗaure, wayoyin taya a rufe. A duba kilo nawa aka rubuta a kujera, a duba kilo nawa aka rubuta a kariya. In ƙafa ta shiga taya, asibiti a ranar. Ni a nawa ra'ayin, wanda bai samu kujerar ba tukuna gara ya tura keken da hannu, ya riƙe yaron su taka. Baban yaro, ina fata ka ji.

Sai wata uwa da ta ce ta sayi hular kwano babba don yaron ya girma da ita. Hajiya, ai ba riga ba ce.

Likita: Hular da ke yawo a kai ba ta aiki. A zagaya awo a kan yaron, ɗan sama da gira, a sayi lambar da ta dace. Ta zauna daidai, yatsa biyu tsakanin gira da bakinta, ba a tura ta ƙeya ba. Igiyoyin su haɗu a ƙasan kunne, a haɓa kuma yatsa ɗaya ya shiga da ƙyar. In ta taɓa buguwa da ƙarfi a canza ta ko ba ta fashe ba, don abin da ke ciki sau ɗaya yake shanye duka. Kuma a cire masa ita in zai hau lilo ko bishiya, igiyar na iya maƙalewa ta shaƙe shi. A Faransa tun 2017 hular ta zama dole ga yaran da ba su kai shekara 12 ba, har wanda aka ɗauko.

Mai gabatarwa: Wani ya ce keken ya faɗi da yarinyarsa a tsaye, yana buɗe ƙofa. Allah ya ƙara kiyayewa. Injiniya, a taƙaice.

Injiniya: Jak ɗin tsayar da keke mai ƙafa ɗaya ba ya riƙe keke da yaro a kai, a sa mai ƙafa biyu. Ko da shi, hannu ba ya barin keke muddin yaro na sama. Kaya ake fara ɗorawa, yaro ne ƙarshen hawa kuma farkon sauka. Jingina keken a cinyarka kana ɗaure bel. Wajen hawa kuma ba a wurga ƙafa ta baya yadda aka saba, fuskar yaron ce a wurin, shi ya sa keke marar sandar tsakiya ya fi dacewa da wannan aiki. Kafin ranar farko, ɗaure buhun yashi mai kilo 12 ko 15 a kujerar, ka je fili ka gwada tashi da kwana da birki.

Mai gabatarwa: Yaro na barci a hanya, kansa na faɗowa gaba. Likita?

Likita: A matse bel ɗin kafaɗa, a nemi hula mai shafaffiyar ƙeya don kada majingina ta tura kan. Wasu kujerun na kwantawa kusan digiri 20. In kan ya ci gaba da lilo, a tsaya. A tuna kuma shi ba ya taka feda, sanyi ya fi kama shi, rana ma shi take duka a zaune.

Mai gabatarwa: Mai 'ya'ya biyu na tambaya ko keke mai batir zai fi masa.

Injiniya: To, batir dai zai taimaka a tudu, a Turai injin yana daina turawa a kilomita 25 cikin awa. Amma ni birki nake so ya duba. Yara biyu da kujerunsu sun ƙara maka wajen kilo 40, tsayawa sai ta ƙara nisa, robar birki ta cinye da wuri, wayoyin tayar baya su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. In ka matse birki har ya taɓa kan keke, kada ka fita da yaro. Iskar taya kuma a bi abin da aka rubuta a gefenta, ta baya a kai ta kusa da iyaka, in ba haka ba bakin rami zai tsaga tub.

Mai gabatarwa: Bai ce ka saya ba, bai ce kada ka saya ba, ya ce dai ka duba birki. Amalanken yara da ake ja a baya fa?

Injiniya: Yana da kyau ga yara biyu, manyan na ɗaukar kusan kilo 45, kuma in keke ya faɗi shi yakan tsaya. Aibinsa yana ƙasa, direba ba ya ganinsa sosai, ga hayaƙin mota daidai hanci. A sa masa tuta mai tsawo da jan fitila, a tuna da faɗinsa wajen kwana.

Mai gabatarwa: Wata malama ta ce cunkoso ne ke ba ta tsoro. Wannan kam da gaskiyarki.

Injiniya: Kada ta bi hanyar da mota za ta bi. Ta nemi layukan cikin unguwa ko da za su ƙara mata minti 10, ta fara gwada hanyar ita kaɗai ranar da ba aiki. Motocin da ke fake a bar musu mita 1, ƙofa na iya buɗewa ba sallama. Babbar mota kuwa, tirela ko bas, kada a kuskura a shiga gefenta a danja ko a mahaɗa. Direban ba ya ganin wurin, kuma in ya yi kwana tayoyin baya suna yankowa ciki. A tsaya a bayanta. Mahaɗar da ta rikice a sauka a tura. Jakar goyo kuma tana dukan fuskar yaro, a sa ta a kwandon gaba. Gyale da igiyar takalmi da duk abin da ke reto a tattare shi.

Mai gabatarwa: Ana ɗaga min hannu, saura minti ɗaya. Ta ƙarshe: yaro mai shekara 4 ya ƙi rabuwa da ƙananan tayoyin gefe.

Injiniya: A cire su, a cire feda ma. Sufana mai lamba 15, amma fedar hagu a juye take kwancewa, ta inda agogo ke tafiya, kada a ci zaren. A sauke sirdi har tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, ya riƙa turawa yana ɗage ƙafa. Ranar da ya iya sulalewa mita 10 bai taka ba, a mayar da feda. Titin mota shi kaɗai kuwa ba yanzu ba, yara kafin wajen shekara 10 ba su iya auna gudun mota. A lungu ya shiga gaba, babba na bayansa yana ganinsa.

Mai gabatarwa: Injiniya, Likita, mun gode. Masu tambaya kan tafiya cikin ruwan sama da fitilun dare, saƙonninku na nan, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.