Ɗakin Kwana a Duniyar Mars

Na baya kuna jina? To madalla. Abu huɗu zan faɗa kan gidan da 'yan sama jannati za su zauna a duniyar Mars.

Na farko, iska. Kusan kashi 95 cikin 100 na iskar can kabon-dayoksaid ce, matsinta kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Gidan kenan tamkar tayar mota yake, iskar ciki ke tura bango waje. Magini a nan tsoronsa rufi ya rufta, a can tsoronsa rufi ya tashi sama!

Na biyu, radiyeshin, wato haskoki masu cutar da jiki da ke zuwa daga rana da sararin samaniya. Mars ba ta da garkuwar maganaɗisu irin ta duniyarmu, shi ya sa masana ke cewa a binne gidan da ƙasa, ko a kewaye shi da tankunan ruwa. To amma in ka binne, ina taga? Nan fa nake son mu tsaya. Mutum ba buhu ba ne da za a ajiye a sito. A Mosko, daga 2010 zuwa 2011, an kulle maza shida kwana 520 don gwaji, barcin wasunsu ya rikice, motsinsu ya ragu. NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ma ta kulle mutum huɗu a birnin Houston kwana 378, suka fito a Yulin 2024, kowa da ɗakinsa. Kowa da ɗakinsa, jama'a! Ni a wurina ƙofar da mutum zai ja ya rufe ta fi kowace na'ura daraja. Ku da kuke dariya, wa ya taɓa zaman wata guda da mai minshari?

Na nawa muke? Na uku ne ko? Ruwa dai, a tashar sararin samaniya ana sake tace kashi 98 cikin 100, har da fitsari. Kada ku ɓata fuska. Ƙurar Mars kuma guba gare ta, don haka kayan fita, a waje za su kwana.

Na'am, Hajiya?

Tana tambaya, in rigima ta kaure wa zai raba? Ai saƙo kan ɗauki har minti 22 kafin ya iso duniya, amsa ta ɗauki wasu 22. Kafin mai sulhu ya ce "ku yi haƙuri", an gama. Shi ya sa nake cewa a raba ɗakunan da kyau, bango ya hana sauti wucewa, teburin cin abinci kuma ya zama ɗaya, dole a haɗu a kansa. Na huɗun ma na manta shi. Akwai wata tambayar?