Amsoshin tambayoyinku: kan sarkin da babu kan sarki a jikinsa

To jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau wasiƙar farko daga Damagaram ta fito, wani bawan Allah ne da ya ce shi tun yana ɗan makaranta yake tara kan sarki, kwanan baya wani ɗan'uwansa da ke aiki a Barcelona ya aiko masa da wasu tsofaffi guda shida, amma da ya duba sai ya ga ba a rubuta sunan ƙasar Sifaniya a jiki ba, sai wani mutum a kan doki yana sukar dodo da mashi, da kuma layuka huɗu. Tambayarsa ita ce, an cuci ɗan'uwan nasa ne da jabu ko kuwa?

Malam kwantar da hankalinka, da alama ba a cuce shi ba. Irin waɗannan, masu tara kan sarki na ce musu Sindarela, wato ƴar takarda ce mai kamar kan sarki sak, da ƴan haƙora a gefe da gam a baya, amma gidan waya bai san da ita ba, ko ka liƙa goma a ambulan wasiƙarka ba za ta je ko nan da can ba. Sunan daga tatsuniyar Turawa ya samo asali ta yarinyar nan da aka mayar baiwa a gidan ubanta, mu a nan sai mu ce ƴar bora. Kan sarkin gwamnati shi ne ɗan mowa, shi ake sa wa a kundi ana ji da shi, ita kuwa wannan da can ko kallo ba ta ishi manyan masu tarawa ba, sai daga baya ta samu masoya, har a Ingila aka kafa musu kulob nasu a 1959. Su mutanen Kataloniya, wato yankin Sifaniya da Barcelona take ciki, vinyeta suke ce mata.

Yanzu ga inda labarin yake da daɗi. A 1898 Sifaniya ta sha kashi a hannun Amurka, ta rasa Kyuba da Puerto Rico da Filifin, baitulmali ya bushe, sai gwamnatin Madrid ta ƙara haraji, a 1899 ƴan kasuwar Barcelona suka ce wallahi ba za su biya ba, suka rufe shaguna, magajin garin ma Dokta Bartomeu Robert ya ajiye muƙaminsa don nuna adawa da ƙwace musu dukiya. A cikin wannan zafin ne wata ƙungiyar masu kishin Kataloniya mai suna Unió Catalanista, wadda aka kafa tun 1891, ta fara buga nata kan sarkin tana sayarwa don tara kuɗi da kuma yaɗa manufa. Ku tuna a lokacin kan sarkin gwamnati hoton kan Sarki Alfonso na 13 ne a jiki, yana ɗan yaro. To mutum zai sayi na gwamnati dole don wasiƙa ta tafi, sai ya liƙa na Kataloniya a gefe ko a bayan ambulan, duk hannun da wasiƙar ta bi ya ga saƙon. Kun ga kenan kan sarki ne amma an cire kan sarkin, kuma cirewar ita ce maganar gaba ɗaya.

Shi mahayin dokin da ka gani Sant Jordi ne, waliyyin da Kiristocin yankin suka ɗauka majiɓincinsu, suna bikinsa duk 23 ga Afrilu. Layuka huɗun kuma tutarsu ce, ja huɗu a kan ɗorawa, ku ƴan Barça ku duba bajon rigarku da kyau a sama za ku gan su.

Sai wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah a Kumasi, ta ce ita ta ga ana tallan irinsu a intanet amma an rubuta 1937, kuma garin da aka ambata ta nema a taswira ta rasa, wai Pins del Vallès.

Hajiya ba za ki same shi ba kam, don yanzu Sant Cugat del Vallès sunansa. Lokacin yaƙin basasar Sifaniya, 1936 zuwa 1939, ƴan juyin juya hali da ke adawa da coci sun bi garuruwa suna cire duk sunan da ke da waliyyi a ciki, Sant Boi ma ya koma Vilaboi, da Janar Franco ya ci yaƙi aka mayar da sunayen waliyyan. A shekarun nan uku abin ya zama ruwan dare, ƙananan hukumomi na bugawa, ƙungiyoyin ƙwadago irin su CNT da UGT na bugawa, masu agaji na bugawa, yawanci santimi 5 ko 10, kuɗin a tafi da shi wajen ƴan gudun hijira da asibitoci da yara da mayaƙan bakin daga. Wasu ganin dama ne, wasu kuma gari ya wajabta sai ka liƙa. Sojojin Franco sun shiga Barcelona 26 ga Janairun 1939, daga nan aka hana amfani da harshen Katalan a harkar hukuma da makarantu, don haka ƴar takardar da ke da rubutun Katalan ta zama abin da mai hankali zai ɓoye ko ya ƙona.

Amma fa Hajiya a yi hattara. Tun a lokacin akwai ƴan kasuwar da suka gano Turawan waje na saye, sai aka riƙa buga wasu musamman don masu tarawa, kala-kala, da na ba haƙora, da ƴan faifai masu ƙyalli waɗanda ba su taɓa shiga jakar ɗan aike ba, bayan haka kuma ga masu jabu na baya-bayan nan. Ni dai a nawa ganin wadda ke manne a kan tsohuwar ambulan, hatimin gidan waya ya hau kanta, ga kwanan wata ga sunan gari, ta fi sabuwa fil guda ɗari. Kuma galibinsu ba tsada gare su ba, duk wanda ya ce miki za ki yi arziki da su to ki riƙe jakarki.

Akwai wani nau'i kuma da ke tsaka-tsaki, na hukumar birnin Barcelona, daga 1929 zuwa 1945, santimi 5 da ake ƙarawa dole a kan wasiƙar da ta fita daga birnin don biyan bashin babban baje kolin 1929. Masu tarawa har yau suna gardama ko ƴar bora ce ko ƴar mowa.

Mu koma kanka Malam na Damagaram, tunda ka ƙara da tambayar yadda za ka adana su. Don Allah kar ka sa salatif, kar ka sa gam, in kana da mai ambulan kar ka jiƙa ta ka ɓamɓare, ka kashe rabin darajarta. Nemi ɗan hantsaki mai faɗin baki ka riƙa ɗauka da shi saboda maiƙon hannu, kuma da damina kar ka jibga su wuri ɗaya, laima na tayar da gam ɗin baya su manne da juna, ka raba su a kundi ka jingine shi a tsaye nesa da rana. In ka samu dama ka ɗauko mana hotonsu gaba da baya ka turo, musamman rubutun da ke ƙasan dokin, sai mu duba ko na zamanin 1899 ɗin ne ko na baya.

Lokaci ya ci mu, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.