Dokar Ta-ɓaci Kan Ilimi a Kano: Ina Rabon Malami?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Yau kan albashin malaman makaranta a Jihar Kano za mu yi magana.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, sannan a kasafin 2025 aka ware wa fannin kashi 31 cikin ɗari. An gyara azuzuwa, an raba kujeru, an kuma ba malaman BESDA, wato shirin mayar da yaran da ba sa zuwa makaranta aji, sama da 5,000 takardar aiki ta dindindin. Yabon gwani ya zama dole. To amma shi wanda zai tsaya gaban allo da alli a hannu, nawa yake ɗauka a wata?

A watan Oktoban 2024 gwamnatin jihar ta amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, ɗorin dubu ɗaya ke nan a kan 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuli. Ku raba shi gida talatin, bai kai naira 2,400 a rana ba. Malami mai NCE, wanda galibi a mataki na bakwai ake ɗaukarsa, ya ɗan ɗara haka, amma ba ɗarawar a zo a gani ba. A 2019, da aka mayar da mafi ƙarancin albashi 30,000 a ƙasar nan, kuɗin ya haura dala tamanin. A ƙarshen 2024, 71,000 ɗin nan ko dala hamsin bai cika ba. Fetur ɗin da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 sai da ya haura dubu.

Duk wanda ke da malami a gida ya san yadda ranar albashi take. Alat na shigowa banki ya zare bashinsa, mai shago ya buɗe littafi, ga adashe na jira, ga kuɗin haya. Kafin sati ya zagayo an koma "Malam, a rubuta." Shi ya sa ana tashi daga makaranta za ka ga wani ya karɓi Adaidaita Sahu ya shiga gari, wani ya nufi Kwari ko Sabon Gari tsaron shagon wani, wani kuma yana bin gidaje yana lesin har bayan isha'i. Yaushe zai zauna ya shirya darasin gobe, balle ya duba littattafan yara ɗari da ke ajinsa?

Malamin firamare ma nasa ya fi rikitarwa, domin daga kason ƙananan hukumomi 44 ake cire albashinsa, a biya ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Idan ƙarin girma ya maƙale, sai ya rasa wa zai tuhuma, ciyaman ko gwamna. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta daɗe tana fargabar kada hakan ya mayar da malamai zamanin bin bashin albashi wata da watanni. Na makarantun kuɗi kuwa ba a magana, tunda dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Ranar 5 ga Oktoban 2020 marigayi Shugaba Buhari ya yi wa malamai alkawarin tsarin albashi na musamman. Abin da ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 ana aiki. An tsawaita wa malami aiki ke nan, maganar kuɗi kuma aka ji shiru.

Kano ba sai ta jira Abuja ba, albashin malamanta a hannunta yake. Muna kira ga ma'aikatar ilimi da SUBEB su fito da jadawalin albashin malamai mataki-mataki, su faɗi malamai nawa ne ke jiran ƙarin girma da ariyas, su kuma nuna nawa ne daga cikin kashi 31 ɗin nan ya shiga aljihun malami. Majalisar dokokin jiha na da hurumin neman waɗannan takardu kafin ta amince da kasafi na gaba.